Ta Wace Kafa Kiɗa Zai Fita Daga Kwamfutarka?

Waƙar da ke ajiye a kwamfutar cinya ba sauti ba ce tukuna. Lambobi ne a jere, kuma sai an juya su zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka kafin lasifika ta kaɗa iska har kunne ya ji wani abu. A faifan CD, alal misali, an auna sautin sau 44,100 a kowane sakan, aka rubuta kowane awo da lamba. Ƙaramar na'urar da ke mai da waɗannan lambobi wuta ita ake kira DAC. Duk gardamar da ake yi a kan jak da USB da Bluetooth da HDMI, in ka bi diddiginta, tambaya ɗaya ce: a ina za a yi wannan juyi, kuma wace na'ura za ta yi shi? In ka soka iyafis a jak, wani ɗan guntu da ke manne a allon cikin kwamfutar ne ya yi aikin, kuma a yawancin kwamfutocin Windows ƙirar Realtek ne. In ka haɗa Bluetooth, aikin ya koma cikin lasifikar. In ka ja HDMI, talabijin ya karɓe shi. In kuwa ka sa akwatin USB, ka cire aikin daga cikin kwamfutar ke nan gaba ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ba zai sayi abin da ba ya bukata ba, kuma ranar da sauti ya ɓaci ya san inda zai fara dubawa.

Lasifikar jikin kwamfutar ba sai mun daɗe a kanta ba. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya tura iska mai yawa, don haka ƙasan kiɗa, wato bes, ba ya fitowa. Za ka ji muryar mawaƙi da kaifin kalangu, amma nauyin ganga ya ɓace. Ta isa jin labarai da karatu. Roƙona ɗaya, kada ka tura ƙarar VLC ta wuce 100 don cike giɓin. Manhajar ta ba da dama, amma sautin tsagewa yake yi, kuma lasifikar na iya lalacewa.

Jak ɗin nan mai kaurin milimita 3.5 an raina shi fiye da kima. Za ka ji ana cewa sautin cikin kwamfuta ba shi da kyau, dole a sayi na waje. A da akwai gaskiya a maganar, yanzu kuwa ta ragu sosai. Kafin ka yarda, gwada da kunnenka. Soka iyafis, tsayar da waƙar, ƙure ƙara, ka yi shiru. Sannan motsa linzami, buɗe wani fayil mai nauyi. In ka ji tsuwwa ko ƙis-ƙis da ke sauyawa da motsin hannunka, hayaniyar wutar cikin kwamfutar ce ke yoyo zuwa layin sauti, kuma akwatin USB zai taimake ka. In ba ka ji komai ba, jak ɗinka lafiya lau yake, riƙe kuɗinka.

Yanzu ɗauki bakin wayar iyafis ɗin ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Zobe ɗaya, layin sauti ɗaya ne. Zobba biyu, hagu da dama ke nan. Zobba uku, an ƙara layin makirufo. Tsofaffin kwamfutoci suna da kafa biyu, ɗaya ta fita ɗaya ta makirufo, wasu har da launi: kore don fita, ruwan hoda don makirufo, shuɗi don shigar da sauti daga wata na'ura, tsarin da Microsoft da Intel suka fitar a ƙa'idar PC 99. Na yanzu kafa ɗaya suke zuwa da ita, mai karɓar zobba uku. Da yake kwamfutocin da suka fi yawa a hannun mutane na hannu ne, irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad da ake samu a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, leƙa gefen taka ka ga kafa nawa ce. In biyu ce kuma iyafis ɗinka mai zobba uku ne, kana bukatar 'yar waya mai reshe biyu kafin makirufonsa ya yi aiki.

Masu zobba ukun ma iri biyu ne. Akwai tsarin CTIA, wanda kusan kowa ke bi yanzu, akwai kuma OMTP na tsofaffin wayoyin Nokia da ire-irensu. Bambancin shi ne an musanya wurin layin makirufo da layin ƙasa. Alamar ba ta ɓuya: muryar mawaƙi za ta yi nisa kamar daga cikin rijiya take fitowa, amma da ka danna maɓallin amsa kira da ke jikin wayar sai sautin ya dawo daidai, da ka saki ya sake nutsewa. Ba kwamfutar ce ta lalace ba, sauya iyafis kawai. Haka kuma bakin da bai shige har ƙarshe ba yana jawo irin wannan, ko ya kashe kunne ɗaya, kuma sau da yawa ƙurar hunturu da zaren aljihun jaka ne suka cushe ramin. Kashe kwamfutar, ka sa tsinken sakace na itace a hankali ka zaƙulo dattin. Ban da allura.

Abu na ƙarshe a kan jak shi ne ƙarfi. Iyafis da hedifon na yau da kullum suna tsakanin ohm 16 da 32, kowace kwamfuta na iya tuƙa su. Na situdiyo kuwa wasu sun fi nauyi: DT 770 Pro na Beyerdynamic yana zuwa a ohm 32 da 80 da 250, HD 600 na Sennheiser kuma 300 ne. In ka soka mai 250 a kwamfutar ofis, za ka ƙure ƙara amma sautin ya fito a sanyaye. MacBook Pro daga ƙirar 2021 yana gane irin wannan hedifon ya ƙara masa wuta har volt 3, amma yawancin sauran ba sa yi. Duba lambar ohm a jikin kwali kafin ka biya. Kuma tunda kunne ake magana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da babba zai saurara lafiya ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. In na kusa da kai yana jin waƙar da ke cikin kunnenka, ka wuce gona da iri.

Inda jak ke fara nuna gazawa shi ne ranar biki ko taro, sa'ad da za a haɗa kwamfuta da mikisa da manyan lasifikoki. A nan ma, kafin a zargi jak, a duba waya. Wadda ta dace ita ce mai ƙaramin baki mai zobba biyu a gefen kwamfuta, ɗaya gefen kuma ta rabu biyu: ko manyan jak biyu na milimita 6.35 masu zobe ɗaya-ɗaya, ko bakin RCA ja da fari. Ka sa su a layin mikisa mai alamar L da R. In babu shi, ka ba su layi biyu, ka murɗa ɗaya zuwa hagu ɗaya zuwa dama.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi rikita mutane, shi ne amfani da waya guda mai babban jak ɗaya mai zobba biyu, a soka ta a layin mikisa ɗaya. Tana shiga daram, sauti ma yana fitowa, amma mawaƙin ya ɓace, bes ya tsere, sai ragowar kiɗa siriri. Dalili shi ne an gina wannan kafa ta mikisa don ta ɗebe abin da ke layi na biyu daga na farko, dabarar kashe hayaniya ce. To a waƙa, murya da bes galibi daidai suke a hagu da dama, sai mikisa ta ɗebe su daga juna su tashi babu komai. Za ka ga mai kayan sauti yana ta murɗa maɓallai yana gumi, alhali wayar ce ba ta dace ba. Haka nan kada a haɗa jak kai tsaye da kafar makirufo mai ƙafa uku, wato XLR. Mikisa na iya tura volt 48 ta wannan kafa don ciyar da makirufon situdiyo, kuma wannan wutar na iya ƙona sashen sautin kwamfutarka.

Wayar jak ba ta son nisa. In ta wuce mita biyar ta fara kwasar hayaniya a hanya, don haka ajiye kwamfutar kusa da mikisa. In dole sai an yi nisa, sai a sa akwatin DI, mai juya sautin jak zuwa na layin XLR, kusa da kwamfutar, daga shi a ja wayar XLR, wadda ke iya tafiya mita talatin ko fiye ba tare da ta ɓaci ba.

Sai gurnani. Kowa ya san shi, wannan ƙugin da ke cika zaure kafin a sa waƙa, yana bin wutar gari da ke juyawa sau 50 a sakan. Gwajinsa sakan biyu ne: zare cajar kwamfutar. In ya ɗauke, ka kama ɓarawo. Abin da ke faruwa shi ne kwamfutar da mikisa sun haɗu ta hanya biyu, ta wayar sauti da ta layin ƙasa na soket, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Fara da magani mai arha: jona caja da mikisa a soket ɗaya. In bai yi ba kuma batirinka na da rai, yi taron a kan batiri. In taron mai tsawo ne, sayi ɗan akwatin da ke raba layin ƙasa, ana soka shi tsakanin kwamfuta da mikisa, ko ka danna maɓallin ɗage ƙasa da ke jikin DI. Abin da ba zan taɓa ba da shawara ba shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Gurnanin na iya tafiya, amma ka cire abin da ke tsakanin mai riƙe makirufo da jan wuta. Cajar jabu da ƙaramin janareta da inbata mai arha su ma suna ƙara tasu tsuwwar, kuma caja ta asali tana rage wannan sosai.

Game da ƙara, bar ta kwamfutar wajen kashi 70 zuwa 80, ka daidaita sauran a mikisa, koriyar fitila na wasa, ja ba ta kamawa. A sauke layin kafin a soka ko a zare jak. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa.

USB, a ganina, shi ne hanyar duk wanda kiɗa ya zame masa sana'a. Matakinsa na ƙasa shi ne 'yar wayar nan mai USB-C a gefe ɗaya da jak a ɗaya gefen. Ta Apple dala 9 ce a Amurka, kuma sautinta ya fi na kwamfutoci da yawa tsabta. Amma a kula, wasu masu arha ba su da DAC a ciki, an yi su ne don wasu wayoyin hannu da ke fitar da sauti ta kafar caji, kuma a kwamfuta shiru za ka ji. Gwada a shago kafin ka tafi. Wannan kuma ita ce mafita mafi sauƙi ga wanda jak ɗinsa ya karye, ta fi kai kwamfuta a buɗe ta. Sama da ita akwai irin su UCA202 na Behringer, mai bakin RCA na shiga da na fita. Sama kuma akwai akwatunan situdiyo irin su Scarlett na Focusrite, masu kafar XLR da volt 48 da maɓallin ƙara na hannu, kuma fitarsu irin wadda mikisa ke so ce, mai kashe hayaniya. Wannan ne babban amfaninsu a zaure, domin USB shi kaɗai ba kullum yake kashe gurnanin caja ba, layin ƙasa yana bi ta cikinsa shi ma.

Mafi yawansu soka-ka-yi-aiki ne, musamman tun 2017 da Windows 10 ta fara gane sabon tsarin sautin USB da kanta. Kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Awo 44,100 na CD ya riga ya ɗauki sauti har 22,050, kunnen saurayi mai lafiya kuwa a wajen 20,000 yake tsayawa. Awo 192,000 yana da amfani ga mai haɗa kiɗa a situdiyo, amma mai saurare ba zai ji bambancin da ya kai kuɗin ba.

Bluetooth daɗi gare shi, kuma ba na cikin masu kushe shi. Sai dai a san abin da ake bayarwa a madadin rashin waya. Hanyar ƙunci gare ta, don haka ana matse sautin kafin a aika. CD na zubo kilobit 1,411 a sakan, tsarin matsi na SBC kuwa, wanda kowace na'ura ke ji, yana tsayawa wajen 328. Akwai AAC da kwamfutocin Apple da Windows 11 ke amfani da shi, da aptX na Qualcomm, da LDAC na Sony mai kai 990, amma sai ɓangarorin biyu sun iya yaren kafin a yi shi. In ɗaya bai iya ba, a koma na ƙasa ba tare da an gaya maka ba. A ɗaki, da lasifika madaidaiciya, da wuya ka ji rashin. Matsalolin gaske biyu ne. Na farko jinkiri, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan: ba komai ga mai saurare, amma bala'i ne ga DJ ko mai buga piyano ta kwamfuta. Na biyu, da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon hedifon ɗinka, ko Zoom ko WhatsApp, haɗin yakan sauka zuwa tsarin kiran waya, layi ɗaya mai toshewa, waƙa ta koma ba daɗin ji. Rufe manhajar, ko ka zaɓi makirufon jikin kwamfutar a matsayin na shiga, sautin zai dawo. A zauren da mutane ɗari ke riƙe da wayoyi kuwa, kada ka dogara da shi ko kaɗan, ja waya.

HDMI lambobin yake kaiwa yadda suke, ba matsi, har layi takwas, don haka kyan sautin ya rataya ga abin da ke ɗaya gefen. In babbar amfilifaya ta gida ce, madalla. In talabijin ne mai siririyar lasifika, ba ka ci ribar komai ba. Abin lura guda: da ka soka majigi, Windows kan tura sauti can, manyan lasifikoki su yi tsit. Danna alamar lasifika da ke kusa da agogo ka mai da shi inda kake so.

Tunda mun zo saiti, akwai uku da ya kamata a gyara kafin a sa waƙa a gaban jama'a. Kashe kayan ƙawata sauti da masu ƙera kwamfuta ke kunnawa, domin don ƙaramar lasifikar jiki aka yi su, a babba kuwa kumbura bes suke yi su dagula murya. A cikin saitin Sound akwai shafin Communications, inda Windows ke rage sauran sauti da kashi 80 in ta ga kamar kira ya shigo, ka zaɓi kada ta taɓa komai. Sannan kashe ƙarar saƙonni, kada shigowar saƙo ta tsaga zaure ana tsakiyar shigowar amarya. Fayil ɗin kansa ma a duba shi. MP3 mai kilobit 320 ko FLAC sun isa ko'ina. Waƙar da aka ciro daga bidiyon da aka matse sau uku ba akwatin da zai gyara ta, kuma juya mai 128 zuwa 320 nauyi kawai yake ƙara mata.

Ɓangaren shigar da sauti ya fi wahalar da mutane, domin kafar da ke jikin kwamfutar ta makirufo ce, ba ta kiɗa ba. Layi ɗaya take ɗauka, kuma wuta 'yar mitsitsiya take jira, 'yan kashi kaɗan cikin dubu na volt. Abin da rediyo ko mikisa ke fitarwa kuwa daga kusan sulusin volt ne zuwa sama da volt ɗaya. In ka haɗa su, sautin zai fashe ko da ka rage ƙara. Wasu kwamfutocin kan tambaye ka abin da ka soka, su ba ka zaɓin Line In, in taka na yi to ka dace. Makirufon jikin allo kuma don magana aka yi shi, yana da mai share hayaniya da kan ɗauki dogon jan goge a matsayin hayaniya ya haɗiye shi.

Wannan ya dame ni ne saboda kaset. A gidaje da yawa akwai kwalayen kaset na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, da karatuttukan malamai, wasu an ɗauke su ne a wurin biki ko daga rediyo kuma ba lallai a sami kwafinsu a wani wuri ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015, zaren kaset kuwa zafi da laima suna cin sa kowace shekara. Aikin ceto su ba shi da tsada. Nemi rakoda mai lafiya da ke da RCA a baya mai rubutun LINE OUT. Goge kan da ke karanta zaren da auduga da ɗan sifirit, ka bar shi ya bushe. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna, don zaren ya saki. Haɗa RCA da shigar akwatin USB. In rakodar ba ta da sai kafar hedifon, yi amfani da ita, amma fara da ƙara ƙasa-ƙasa. Buɗe Audacity, manhaja ce ta kyauta, zaɓi akwatin a matsayin mai shigo da sauti, layi biyu, awo 44,100. Kunna wurin da kiɗa ya fi ƙarfi, ka daidaita har ma'auni ya tsaya wajen -6, kada ya taɓa sifili, domin abin da ya fashe wajen ɗauka ba ya gyaruwa. In ka ji zaren na kuka ko sauti na jan ƙafa, tsayar nan take kafin rakoda ta tauna shi.

Ɗauki gefe guda gaba ɗaya, ka yanka waƙoƙin daga baya. Ajiye na asali a WAV ko FLAC ba tare da ka taɓa shi ba, sannan ka fitar da MP3 don waya. In za ka rage shuu ɗin kaset, yi da sauƙin hannu, domin mai sharewar in ya yi yawa yana tafiya da kaifin kuntigi da muryoyin 'yan amshi. Rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da duk abin da ke jikin takardar kaset ɗin a sunan fayil, ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, kaset ɗin kuma ka mai da shi kwalinsa nesa da rana da lasifika, domin maganaɗisun lasifika yana goge zare.